Awa ɗaya da rabi a tikiti, yini guda a filin jirgi

Assalamu alaikum Malam Edita,

Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan jirgin Legas zuwa Kano, abin ya daɗe yana ci min rai. Duk wanda ya sayi tikiti zai ga an rubuta kamar awa ɗaya da rabi, kuma ba ƙarya, daga filin Murtala Muhammed na Ikeja zuwa na Malam Aminu Kano tazarar ta sama wajen kilomita 830 ce, kafin ka shanye ɗan ruwan da aka miƙo maka har an ce a ɗaura bel za a sauka. Mu da muka saba da mota, a bi Ibadan, Ilori, Jebba, Mokwa, Kaduna, Zariya, kusan kilomita 1,000 ko fiye, ka kwana a zaune ƙafa ta kumbura, ai wannan ni'ima ce babba.

To amma ita awa ɗaya da rabin sai fa jirgin ya ɗaga ake fara ƙirga ta.

Lokacin hunturun da ya wuce aka kira ni bayan asuba cewa Baffana wanda ya riƙe ni tun ina yaro ya rasu, jana'iza ƙarfe biyu. Na bar wa yarona rumfar albasa a Mile 12, na sha goslo a Ketu da Ojota har Maryland, duk da haka takwas ta yi min a filin jirgi, tashinmu kuma goma. Goma ta wuce, sha biyu ta wuce, sai dai a yi magana a lasifika da turancin nan nasu na hanci a ce a ƙara haƙuri. Akwai wata dattijuwa kusa da ni riƙe da carbi da ledar magani, duk sanda aka yi sanarwa sai ta taɓo ni, "ɗana me suka ce?" ni kuma ba ni da abin faɗa mata. Ashe hazo ne ya rufe Kano.

Hazo daga Allah ne, kuma direban jirgi in ba ya hango titin sauka bai kamata ya kasada da rayuka ba, wannan na yarda. Abin da ya ƙona min rai shi ne rashin fito mana da gaskiya tun da wuri. Saboda ni aka ɗaga jana'izar zuwa la'asar, mutane suna zaune a ƙofar gida suna jira, har ƙanina ya kira ya ce "Yaya, malam ya ce bai kamata a ci gaba da ajiye shi ba." Na ce ku sallace shi. Da tun goma aka ce min hazo ne wallahi da ban sa an jira ni ba.

Roƙona ga kamfanonin jirage, ku riƙa faɗin dalili da wuri, kuma jirgin da zai je Kano ko Sakkwato ko Maiduguri a yi sanarwarsa har da Hausa. 'Yan uwa kuma mu sani, a ƙa'idar NCAA, hukumar da ke kula da sufurin jiragen sama a Nijeriya, in jinkiri ya kai awa 2 a ba ka abin taɓawa, in ya kai awa 3 kana iya neman kuɗinka.

Sai biyar ta gota muka tashi, na shiga gida bayan magariba, washegari da safe ƙanina ya raka ni maƙabarta ya nuna min kabarin. Allah Ya jiƙan Baffa.

Naka,
Mai karanta jaridarku daga Mile 12, Legas