Mai ciki da jariri ba za su dogara ga hatsi da ganye kaɗai ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a shafin wasiƙu don mu ja hankalin masu karatu kan wani tsarin cin abinci da ake ta yabawa a intanet, wato barin nama, kifi, ƙwai da madara gaba ɗaya, a tsaya kan hatsi, wake, gyaɗa da ganye. A Turai da Amurka wasu na yin haka don tausayin dabbobi ko kare muhalli. A nan kuwa mata da yawa sun daɗe a kan wannan tsari ba da zaɓinsu ba, tsadar nama ce ta ɗora su a kai, ga kuma camfin da ke hana yaro ƙwai wai kada ya tashi ɓarawo. Ko da gangan ne ko don babu, illar ga mai ciki da jaririnta iri ɗaya ce.

Masana ba su zama baki ɗaya ba. A 2016 ƙungiyar masana abinci ta Amurka ta ce tsarin zai iya dacewa da mai ciki da yara idan an tsara shi da kyau, a shekarar kuma takwararta ta Jamus ta ƙi ba su shawarar binsa. Amma duka sun haɗu a kan abu guda: dole a sha ƙwayar bitamin B12.

Wannan bitamin ba ya cikin gero, dawa, wake, zogale ko awara, kuma daddawa ba abin dogaro ba ce a kansa. Mai ciki na buƙatar kimanin maikirogiram 2.6 a rana (maikirogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram), mai shayarwa 2.8. Adadin ƙanƙane ne, amma da shi ake gina jini da rufin jijiyoyi da ƙwaƙwalwa. Babban mutum yana da ajiyarsa a hanta wadda za ta iya kai shi shekaru, shi ya sa uwa za ta ga lafiyarta ƙalau ta ɗauka babu matsala. Jariri ba shi da wannan gata. Abin da ke isa gare shi ta mahaifa da nono ya fi dogara ga abin da uwar ke ci a wannan lokacin. Idan ba ta ci ba, sai a haife shi da 'yar ajiya, nonon kuma ya kasa cike giɓin.

Alamomin kan bayyana tsakanin wata 4 zuwa 10. Yaron da ya fara murmushi da zama sai ya daina, jikinsa ya saki, ya ƙi abinci, ya yi fari fat, barci ya yi masa yawa, wani lokaci hannuwansa su riƙa rawa. A gidaje da yawa sai a ce haƙori ne ko iska, a yi ta jiƙe-jiƙe har watanni su wuce. Allurar B12 tana farfaɗo da irin wannan yaro cikin kwanaki, amma idan an makara, lahanin ƙwaƙwalwa zai iya zama na har abada. Akwai kuma tarkon da ya kamata ma'aikatan awon ciki su riƙa tunawa: folik asid, bitamin ɗin da ake ba masu ciki, yana iya gyara ƙarancin jinin da rashin B12 ke kawowa, gwaji ya nuna jini ya yi kyau, alhali jijiyoyi na ci gaba da lalacewa. Don haka a riƙa tambayar mace kai tsaye, yaushe rabonta da ƙwai, nono ko kifi.

Wadda ta bar abincin dabba ɗungurungum, ƙwayar maikirogiram 50 a kullum ita ce ma'aunin da masana da dama ke bayarwa, tun kafin ciki har zuwa yaye. Ya fi 2.6 nesa ba kusa ba saboda hanji ba ya iya ɗaukar fiye da kusan maikirogiram 2 a lokaci guda ta hanyarsa ta asali, ragowar kuma kashi 1 cikin 100 kawai ke shiga. Jaririnta, daga wata 6, ana ba shi kimanin maikirogiram 5 a rana bisa umarnin likita. Wadda kuma rashin kuɗi ne ya hana ta, ƙwai ɗaya yana da kusan rabin maikirogiram, kofin dafaffiyar madarar shanu kusan 1, busasshen kifi a miya ma yana taimakawa ƙwarai. Maigida da ke sayen tsire a waje ya dubi wannan lissafi.

Ban da B12, akwai sinadarin ƙarfe mai gina jini: wanda ke cikin wake da ganye ba ya shiga jini kamar na nama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kowace mai ciki ta sha miligiram 30 zuwa 60 na ƙarfe da maikirogiram 400 na folik asid kullum. Kada a kora ƙwayar da shayi, kada kuma a sha shayi a kan abinci, domin yana ɗaure ƙarfen. A ba da tazarar awa ɗaya zuwa biyu. Lemon zaƙi, gwaba ko ɗanyen tumatir a tare da wake suna ƙara shigarsa. Jiƙa wake kwana guda da tsimar da gero kafin niƙa su ma suna sakin ƙarfe da zinki, wani sinadarin da jiki ke buƙata. Gishiri ya zama mai sinadarin aidin da ke hana maƙoƙo, a ajiye shi a rufe.

Inda hankalinmu ya fi tashi shi ne madarar waken suya da kunun gyaɗa da ake ɗura wa jariri a madadin nono. Fararen ruwa ne, amma ba su da kitse da sinadaran da jariri ke buƙata. A 2017 wata kotu a Beljiyam ta sami wasu iyaye da laifi bayan ɗansu mai wata 7 ya rasu da nauyin kilo 4.3, an raine shi da ruwan shinkafa da na wasu hatsi. Wata 6 na farko nonon uwa zalla ne, ko ruwa ba a haɗawa. Idan nono ya gagara, madarar gwangwani ta jarirai ce kaɗai madadi. Akwai wadda aka haɗa da waken suya musamman don jarirai, amma ba a ba bakwaini ita.

Daga wata 6, koko mai ruwa-ruwa yana cika ƙaramin ciki ba tare da ya ba da ƙarfi ba. A haɗa gwangwani 6 na gero ko dawa, 3 na waken suya, 1 na gyaɗa, a soya kowanne daban, a cire ɓawon waken, a tsince gyaɗar da ta yi fumfuna, a niƙa tare. A dama da kauri yadda ba zai zubo daga cokali ba, a sa ƙaramin cokali na manja ko man gyaɗa. A fara da cokali 2 zuwa 3, sau 2 ko 3 a rana, a kai rabin kofi kafin wata 9, nono kuma ya ci gaba har shekara 2. Wannan garin ma, duk kyaunsa, babu B12 a cikinsa, sai an murƙushe dafaffen ƙwai ko garin kifi a ciki, ko an ba da ɗigon bitamin ɗin. A riƙa kai yaron awo kowane wata. Idan nauyinsa ya tsaya wata biyu a jere, a gaya wa ma'aikacin lafiya ainihin abin da uwa da ɗa suke ci.

Wassalam.

Daga wasu ma'aikatan lafiyar mata da yara, Zariya.