Mista Bean: daga talabijin zuwa sinima

Ya Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi tsokaci kan Rowan Atkinson, ɗan wasan barkwancin Ingila da muka fi sani da Mista Bean. Matasa da yawa suna zaton a fim ya fara, alhali tun 1979 yake fitowa a gajerun wasannin barkwanci na BBC, kuma shirinsa na Mista Bean da ya soma a talabijin a 1990 kashi 15 ne kacal.

A ganina, can ne gwanintarsa ta fi fitowa. Za ka gan shi a coci yana fama da gyangyaɗi, ko a ɗakin jarrabawa yana satar leƙen takardar na kusa da shi, da ƙyar zai furta kalma biyu, amma mai kallo ya yi dariya har da hawaye. Da aka mai da shirin fim a 1997, sai aka kai shi Amurka, aka ƙara masa magana da dogon labari, domin motsin fuska kaɗai ba ya cika awa ɗaya da rabi. Fim ɗin ya kawo kuɗi sosai, wani fim ɗinsa mai suna Johnny English ya biyo baya a 2003, amma ni har yau tsofaffin shirye-shiryen nake komawa in kalla.

Naka mai karatu,
daga Zariya.