Sanarwa ga masu sayen kayan jona wa ƙaramar loda

Assalamu alaikum ƴan uwa. Mai shirin sayen bokiti ko injin haƙa rami na ƙaramar loda irin Bobcat, don Allah ya duba kafin ya biya ciko.

Farantin jonawa, wato ƙarfen bayan bokiti ko injin da loda ke kamawa, ya fi kawo matsala. In ramukansa sun kauce, fil biyun loda da ke kulle shi ba sa sauka duka, bokiti na iya suɓucewa yana sama. A jona a gwada tukuna. A auna kaurin farantin kuma: inci 1/4 yakan lanƙwashe a aiki mai nauyi, gara 3/8. Walda mai ƙuraje da aka lulluɓe da fenti tsagewa take yi.

Idan man haidrolik da lodarku ke turawa a minti ya fi ƙarfin motar da ke juya injin haƙa ramin, za ta yi zafi, sil (robar da ke hana mai zuba) ya fashe. Garanti kuwa, sai a rubuce.