Masu son ganye ya hau katanga, a fara da ɗaura waya

Ya Edita,

Assalamu alaikum. A ba mu ɗan fili mu ja hankalin masu sababbin gidaje a Birnin Kebbi da Argungu, waɗanda ke zuwa wurinmu da hoton Facebook suna neman dashen aibi, ganyen nan da ke lulluɓe katangar jan bulo a Ingila.

Aibi shukar sanyi da inuwa ce, kuma da wasu ƙananan saiwoyi da ke tsirowa a jikin reshenta take manne wa bango. To, a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40, katangar da ke kallon yamma ko tafin hannu ba ya jure ta, balle ganye. In ma ta rayu, saiwoyin nan sukan kutsa duk inda filasta ta tsage su buɗa shi. Katangar laka kuwa, kada ma a soma.

Wadda ta san ranarmu ita ce bogambiliya, fulawar nan mai ƙaya. Sai dai ba ta kama bango da kanta, ɗaure ta ake yi. A buga ƙusoshin kankare masu inci 4 a jere, tazarar mita ɗaya, a ja wayar da ba ta tsatsa a kwance, layi bisa layi, santimita 45 tsakani. A bar ratar yatsu uku tsakanin waya da bango don iska ta ratsa.

A haƙa ramin dashen nesa da gindin katanga da rabin mita, in ba haka ba ruwan ban-ruwa zai riƙa jiƙa fandisho, fenti ya yi ta ɓamɓarewa. Wurin cike ramin, duk kwano biyu na ƙasa a haɗa da kwano ɗaya na takin shanu da ya ruɓe sarai. Ɗanyen taki gara yake gayyatowa. A dasa cikin Yuni, in damina ta kankama. A tsaga ledar da reza, kada a fizgo dashen, don saiwarta ba ta son taɓi.

Inda aka fi kuskure shi ne wurin ɗauri. Mutane kan miƙar da rassa sama don ta yi saurin kai ƙarshen katanga, sai a wayi gari ƙasa tsirara, ganye ya taru can sama kamar rawani. A baje rassan hagu da dama kamar mafici, a ɗaure da tsumma sako-sako, ba da waya ba, don waya na shaƙe reshe idan ya yi kauri. Wanda ya leƙo waje a datse shi, haka wanda ya doshi kwanon rufi ko wayar lantarki.

In ta kama, a rage mata ruwa da hunturu. Yawan ruwa ganye yake ba ta, ba fure ba. Shekarar farko kuma a kewaye ta da raga saboda awaki.

Naku,
Wasu masu renon dashe, Birnin Kebbi