Wasiƙa a kan Samanja Chari Maigumeri

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya sanyin can? Allah ya sa ana jurewa.

Saƙonka ya iso, kuma akwai maganar da ka yi a ciki wadda ban bari ta wuce ba. Ka ce sojojinmu na zamanin Turawa karnukan farauta ne kawai, an ba su bindiga sun yi wa wani yaƙinsa, don haka ba ka ga dalilin da za a riƙa yi musu fareti duk ranar 15 ga Janairu, ranar tunawa da mazan jiya, ba. Akwai gaskiya a ciki. Amma bari in ba ka labarin mutum ɗaya, wanda barikin soja na Lakwaja ke ɗauke da sunansa, Chari Maigumeri, sannan ka sake auna maganar.

Mutumin Borno ne. Abin da zai ba ka mamaki shi ne ba a hannun Ingilishi ya fara soja ba, a hannun Jamusawa ya fara, lokacin da suke riƙe da Kamaru. Yana saurayi Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, yana cikin masu tsaron Garwa a bakin Binuwai. Jamusawa sun yi wa garin ganuwa da ramuka, har farmakin farko da sojojin Ingila suka kawo daga Najeriya a watan Agustan shekarar ya watse, kwamandansu ma a nan ya kwanta dama. Sai da suka komo a 1915 tare da Faransawa, suka hauro da babbar igwa ta kogi, kafin Garwa ta faɗi a watan Yuni. A wannan yaƙin Maigumeri ya samu lambar jarumta daga Jamusawa, kuma a Garwa aka kama shi fursunan yaƙi.

A 1917 sai ga shi cikin kakin waɗanda suka kama shi, a rundunar Najeriya, an tura su Gabashin Afirka su fafata da Jamusawan da Janar Lettow-Vorbeck ke jagoranta. Na san abin da za ka ce, ai ga hujjarka nan: jiya yana harbin Ingilishi, yau yana harbi dominsu. To, ni ba haka nake karanta ta ba. Wace ƙasa yaron nan zai ci amana? Kamarun Jamus ko Najeriyar Lugga, wadda aka haɗa a 1914? Turawa ne suka zauna suka raba Borno da makwabtanta a kan takarda, ba su tambayi kowa ba. Shi abin da ya riƙe shi ne sana'arsa da mutanen da ke tsaye a gefensa cikin rami, kuma ɓangarorin biyu da ke neman hallaka juna sun yarda da abu ɗaya, cewa mutumin nan namiji ne.

Tsakanin yaƙoƙin biyu ya hau har ya zama samanjan bataliya. Kada ka raina wannan muƙami. Hafsoshin Turawa zuwa suke yi su tafi, wasu ko Hausar bariki ba su gama koya ba ake mayar da su. Samanja shi ne bataliyar. Shi ya san kurtun da ke ɓoye ciwo a ƙafa don kada a kore shi, shi ya san kofur ɗin da bashi ya yi wa katutu, shi ke tsayawa tsakanin umarnin Bature da kunnen soja. Idan ya daka tsawa a filin fareti, ƙafa ɗari ce ke sauka kamar ƙafa ɗaya, kuma a yawancin shekarun nan ƙafafun ba takalmi.

Da Yaƙi na Biyu ya zo, ya riga ya manyanta, amma ya tafi. Yana cikin yaƙin da aka yi da Italiya a Somaliya da Habasha, inda sojojin Najeriya suka shiga Mogadishu a Fabrairun 1941 suka nausa arewa zuwa Harar. A can ya samu lambar jarumta ta sojan Ingila. Daga nan sai Boma.

Boma ce nake so ka tsaya a kanta. Runduna biyu aka kwasa daga Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, aka zuba su a dazukan Arakan su fuskanci Japanawa. Daji ne mai duhu da tsaunuka, babu hanyar mota, damina kuma ba ta da tausayi. Abinci da harsashi daga jirgin sama ake jefo musu, sannan 'yan dako su ɗora a ka su hau dutse da su, da yawansu ko bindiga ba a ba su ba. Soja ya cire takalmi da yamma ya tarar matsattsaku sun ƙoshi da jininsa. Zazzaɓin cizon sauro da atini suna kwantar da mutane ba tare da an harba ko harsashi ɗaya ba. A irin wannan wuri dattijon da ya fara jin ƙarar igwa shekara talatin da suka wuce yake riƙe da yara sa'o'in 'ya'yansa. An ambaci sunansa a rahoton yabo na rundunar, kuma a 1944 aka ba shi lambar Daular Birtaniya.

Inda nake tare da kai shi ne wajen sakayya. Ya yi ritaya a 1953 bayan shekara 36 a rundunar, kuma sai a lokacin aka ba shi kyaftin, shi ma na girmamawa. Duk tsawon aikinsa, ƙaramin laftanar da ya sauko daga jirgin ruwa jiya yana gaba da shi, dole ya ƙame masa. Albashin baƙar fata da kuɗin sallamarsa ba su kama ƙafar na Bature ba. An gayyace shi Landan bikin naɗin Sarauniya Elizabeth a wannan shekara, ƙirji cike da lambobi, amma lamba ba ta goge wancan. A shekarar dai Zakariya Maimalari, wani ɗan ƙasar Borno, ya fito hafsa bayan horo a Sandhurst, makarantar hafsoshin sojan Ingila. Ƙofar da aka rufe wa tsohon ta buɗe wa yaron, kuma rundunar da Maimalari ya shigo ya tarar, irin su Maigumeri ne suka horar da ita.

Don haka idan ka ce a tuhumi mulkin mallaka, ina gaba. Amma kada a haɗa da mazan jiya a cikin tuhumar, su ma an ci da guminsu. Abin da ya fi ci mini rai ma namu sakacin ne: mutane nawa ke wucewa ta ƙofar barikin nan na Lakwaja, har da masu kaki, ba su san ko wane ne mai sunan ba?

Na san ba za ka bar ni haka ba, ina jiran martaninka. Ka gaida mai ɗakinka da yara, nawa ma suna gaishe ku. Allah ya jiƙan magabata, ya sada mu da alheri.

Naka har kullum,
Amininka