Abba, maganar hita da wayar da aka ƙwace

Assalamu alaikum Abba, ya karatu ya sanyi? Takardarka ta iso, kuma malamin ɗakin kwananku ma ya kira babanka ran Talata, mun ji ta bakinka mun ji ta bakinsa.

Ka ce babanka ya zo ya yi magana a mayar maka da kayanka. Ba zai zo ba, kuma ni na ce kar ya je. Waya dai tana ofis an rubuta sunanka a jiki, ran hutu za ka karɓa, da ma mun sa hannu a takardar dokoki tun ranar da muka kai ka, kuma ka san WAEC da NECO in aka kama ka da waya a ɗakin jarrabawa sakamakonka na iya tafiya gaba ɗaya, gara ka saba tun yanzu.

Hitar nan ce ta hana ni barci wallahi. Malam ya ce a ƙarƙashin katifarka aka ciro ta, wayar wutarta duk ta ɓare an naɗe da leda, soket ɗin ma babu, wayoyin bango kawai kuke zarowa ku jona. Abba katifar soso ce fa, ku nawa ne a ɗakin, tagogi duk da ƙarafa, ƙofa ɗaya. Kuma ka san halin NEPA, su ɗauke wuta yaro ya bar hita a bokiti ya kwanta, ƙarfe biyun dare su dawo da ita, ruwa ya ƙone roba ta narke, kowa na barci. Kana gida ai lokacin da aka yi gobarar makarantar allo a Ƙaura Namoda farkon 2025, yara 17 a dare ɗaya, ka ga yadda na kasa cin abinci ranar. Na san sanyin hunturu da asuba ba wasa ba ne, ban ce kana jin daɗi ba.

Sai maganar da ka yi cewa ba taka ba ce, wani siniya ne ya ba ka ajiya. Na yarda da kai, amma wannan ma ya fi tayar min da hankali, don wanda ya ba ka hita yau ka karɓa gobe kwalbar kodin zai miƙo maka ko ƙwayar tiramol, kodin ɗin nan tun 2018 gwamnati ta hana, in aka buɗe akwatinka aka gani ba wanda zai tambayi mai ita, kora ce ko ma 'yan NDLEA. In ya matsa maka ka ce Umma ta hana, ka ɗora min laifin.

Ka je ka ba malam haƙuri da kanka, ka yi horon da aka sa ka. Ranar ziyara zan zo da filas da rigar sanyi mai kauri, da kwaki da ƙuli. Su Hajiya na gaishe ka.

Allah ya yi maka albarka.
Ummanka