Amsa ga Kawu: waya ba ta cinye Hausar yaranmu ba

Assalamu alaikum Kawu,

Na ga tambayar da ka jefo min a bainar jama'a, wai mu da ke zaune a Saudiyya ba ma tsoron waya ta raba yaranmu da Hausa, tunda kullum suna kan fim ɗin Koriya da na Turkiyya? To ga ni, a yi min afuwa in na yi tsawo.

Kawu ka tuna da, in muna son fim ɗin Hausa sai mun jira Hajji ko Umrar azumi, a roƙi wani alhaji ya cuso mana faifan CD daga Kano cikin ƙullin yaji da daddawa, ya iso duk a karce, a yi ta goge shi da bakin zani yana tsayawa daidai inda labari ya yi daɗi. Yanzu fa? Ranar da aka saki Labarina a YouTube ranar muke gani a Jidda, wataran ma kafin ku, in an ɗauke muku wuta. Autata nan aka haife ta, Larabci ne a bakinta, amma rannan na ce ta yi sauri da wanke-wanke sai ta ce min "Umma, sannu ba ta hana zuwa". A fim ta tsinta wallahi, ni ban koya mata ba.

Ƙasar ma kanta ta canza. Netflix ta shigo tun 2016, a 2018 aka buɗe sinima a Riyad bayan shekara 35 a rufe, ga Shahid, manhajar kallo ta gidan talabijin na MBC, da ke cika da shirye-shirye duk azumi. Squid Game ya fito a 2021 duniya ta ɗauka, mu nawa ne ke jin yaren Koriya? Fassarar ƙasan allo ta isa. Hanyar da ta kawo shi gidana ita ta kawo 'yan Kannywood.

Ni abin da ke ci min tuwo a ƙwarya daban ne. Da talabijin ɗaya ce a falo, maƙwabta su shigo, a ɗora shayi, ana kallo ana musu. Yanzu mu shida a ɗaki waya biyar, kowa ya toshe kunne, kuma wayar ce ke zaɓa wa yaro abin da zai gani gaba gwargwadon abin da ya saba daɗewa a kai. Shekaranjiya sallama uku na yi ba wanda ya amsa, sai da na kashe intanet ɗin gidan aka ɗago kai.

Shi ya sa na kafa doka, daren Juma'a kowa ya ajiye waya a kalla tare a babban allo. Babansu ne ya fara karya ta, wai ƙungiyar ƙwallon Al-Ittihad na da wasa.

A gaida min Inna da yara.

'Yarka ta Jidda